Filashin ɗin Saverio

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Sun ba mu ɗaki mai kallon teku, kamar mun ce musu shaƙatawa muka zo yi. Ni da maƙwabciyata Filomena, gado biyu, a otal ɗin Marina. Duk mutanen Serrastorta suna cikin otal ɗin nan yanzu, har da limamin coci, ban da mutum ɗaya. Ba zan rubuta abin da dutsen ya yi ba, wanda ya gani ya gani. Hanya ta tafi, ƙarfen sabis ya tafi, wayata ta faɗa cikin taɓo lokacin da masu ceto suke tsallakewa da ni saboda ciwon zuciyata. Mijina Saverio yana can sama da awakinsa, ya ce ba inda za shi. Abin da muka faɗa wa juna a bakin ƙofa, shi ma ba zan rubuta ba.

Sajan Lo Presti ya same ni ɗazu a wurin cin abinci. Mutum ne mai ladabi, wannan ne ma yake ba ni haushi.

"Sinyora, ga yadda za mu yi," in ji shi. "Muddin kina jin ɗuriyarsa, za mu ƙyale shi sai an buɗe hanya. Ranar da kika ce shiru, zan tura yarana da igiya su tsallaka inda ƙasa ta zaftare, su sauko da shi ko yana so ko ba ya so. Awaki kuwa ba za mu iya ɗauka ba."

"Za ka ji daga gare ni," na ce.

Bai san Saverio ba. In aka ɗaure mutumin nan aka sauko da shi gaban jama'a, aka bar masa dabbobi su mutu a garke, gawa aka sauko da ita, ko da tana tafiya da ƙafarta.

Tun da wayar hannu ta shigo garinmu, kullum rana ta ɓullo yana kan dutse da awaki, sai ya yi mini filashin. Ƙara ɗaya, ya katse. Ni ma in mayar masa ƙara ɗaya. Ba a ɗauka, mai ɗaukar filashin ba shi da tarbiyya. Shi yake farawa, ni ban taɓa farawa ba. Yanzu da ƙarfenmu ya faɗi, sai ya hau Dutsen Gicciye kafin ya kama sabis na kwarin da ke bayanmu. Yana da farantin hasken rana a rufin garke, caji ba matsala ba ne. Ni ce ba ni da waya.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

'Yata Mimma ta iso daga Bologna da kuka da waya. Na ce ta ajiye kukan, ta miƙo wayar. Baƙa ce, santsi kamar kifi, ta fi tafin hannuna. Ta riga ta je kamfani an dawo da tsohuwar lambata a ciki.

"Ina sim ɗin?" na ce.

"Babu, Mama. A ciki yake, ba a ganinsa."

"To in ta faɗa taɓo me zan ciro?"

"Haba Mama, sai ki daina jefa waya a taɓo mana."

Ta zauna tana yi mini tallarta kamar ita ta ƙera ta. Wai tana magana da tauraron ɗan'adam inda babu sabis. Wai ana biyan kuɗin kanti da ita. Wai da kanta take korar 'yan damfara, don yanzu sun sa mutanen da bala'i ya shafa a gaba. Ta sa mini lambarta, da ta ɗan'uwanta, da ta likita, da ta Sajan. Ta ce ta babanta fa? Na ce lambar mijina a kaina take, ban taɓa rubuta ta a ko'ina ba, ba kuma a tsufana zan fara ba. Ta ce to shi ke nan, dama duk wanda ya kira shi a kashe yake samunta.

Na sa ta a aljihun rigata. Ba zan zauna ina kallon fuskar waya kamar 'yar shekara sha biyar ba. Ina da kunne.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Na ce wa Sajan ai Saverio ya kira. Kofin da ake sha a otal ɗin nan ruwan wanki ne.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da rana tsaka

Ɗana Cosimo ya iso daga Torino, shi ma da waya. Ruwan toka ce tasa, ta fi ta Mimma faɗi. Da ya ga baƙar a kan gado sai ya yi tsaki. Tun suna yara haka suke, in ɗaya ya ce rana ɗaya zai ce wata.

"Ke kika saya mata wannan? A dutse? Eriyarta ba ta kama komai in an fita birni."

"Taka ce ke kamawa? Tana da tauraro?"

"Tana ɗaukar sim biyu, kamfani biyu. In ɗaya ya mutu ɗaya yana nan. Kuma tana kama ƙananan zangon da ke ratsa kwari, ke ba ki ma san da su ba."

"Ji shi, injiniyan banza. Mutumin da yake sayar da tayar mota."

"Ke kuma mai cire haƙori."

Filomena tana zaune tana ɓare lemo tana dariya har da hawaye. Ni na bar su suka gaji, sannan na yi musu tambaya ɗaya. Na ce wacce ce a ciki ta fi jin kira daga nesa? Duka biyun suka ce tasu. Cosimo ya sa wa tasa sabon layi ya ba ni, ya ce in gwada da kaina. To zan gwada. Ba ni da aikin yi a nan sai kallon teku, kuma ban taɓa son teku ba.

Jumma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Na ce wa Sajan ya kira.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

Mun fita gwaji ni da Filomena, baƙa a aljihun dama, toka a na hagu, kamar mai tallar ƙwai. A ɗakinmu baƙar tana da sanda biyu, toka uku. A saman otal duka sun cika, har suna nuna 5G, abin da Cosimo ya ce zai sa in sauke fim kafin in gama atishawa. Ban tambayi fim ba. A tashar jiragen ruwa baƙar ta fi, ban san dalili ba, wataƙila don kifi ce. A gadar da suka tare da shinge, inda hanyarmu take farawa, baƙar ta mutu murus, toka ta riƙe sanda ɗaya tana lilo kamar haƙorin tsoho.

Na daɗe a gadar. Hazo ya rufe saman gaba ɗaya, ko hayaƙi ba a gani.

"Ki kira shi mana," in ji Filomena.

"Shi yake farawa."

"Santina, wannan taurin kan naku wata rana sai an yi masa coci."

Ta ciro tata tsohuwa mai maɓalli, na faɗa mata lambar ta danna. A kashe. Na ce ai dole, yana adana caji, minti ɗaya yake kunnawa da safe. Ta ce haka ne. Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan coci

Limami ya sa sunansa a addu'a tare da marasa lafiya. Na tare shi a ƙofa na ce ya cire. Mijina ba ya ciwo, kiwo yake yi.

Talata, 11 ga Nuwamba, da la'asar

Mimma ta hau da ni saman otal ta nuna mini tauraron da take ta alfahari da shi. Sai an kashe sabis, sai an ɗaga wayar sama, sai an bi wani ɗigo ana juyawa a hankali kamar mai neman inda iska take fitowa. In gajimare ya yi kauri sai a jira. Muka jira. Hannuna ya gaji.

"To yanzu ya kama," in ji ta. "Sai ki rubuta saƙo."

"Filashin nake so ya yi."

"Ba ya yin kira, Mama, rubutu kawai."

"Wato sun harba ƙarfe har sama, amma ba zai iya ƙara ɗaya ba?"

"Kuma ai na wanda yake cikin daji ne, ba na wanda yake otal ba."

Nan na gane amfanin abin. Wayar da za ta ceci mutum a dutse tana aljihun wadda take kwance a katifa, shi kuma na dutsen yana riƙe da wata mai maɓalli da aka ɗaure da roba. Ban faɗa mata ba, don ta kashe kuɗinta kuma idonta ya kumbura. Ta tura wa babanta saƙonni ta wayarta tun ranar da ta zo. Saverio bai taɓa buɗe saƙo ba a rayuwarsa, tabaransa ma suna cikin jakata, ni na ɗauko su da gangan ranar, ina ganin zai biyo su.

Wannan ban yi niyyar rubutawa ba. Na bar shi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Na ce ya kira. Ruwa tun jiya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Yau Sajan bai tafi da wuri ba. Ya ja kujera ya zauna, ya cire hula.

"Me ya ce miki, Sinyora?"

"Ba ya cewa komai. Filashin ne."

"Kakata ma haka take yi wa kakana," in ji shi, ya yi murmushi. "Zan iya ganin wayar?"

"Za ka iya ganin wayar uwarka?"

Sai ya ce shi ba abokin gabana ba ne. Ya ce jirgi mai saukar ungulu ba zai tashi a wannan hazon ba, kuma yaran da zai tura kan zaftarewar ɗayansu matarsa tana da ciki, ba ya son ya tura su a banza, ba ya kuma son ya makara. Ya ce duk abin yana hannuna. Na ce na sani, ba sai an karanta mini ba.

Da ya fita na zauna a bakin gado. In yana lafiya na buɗe baki, na ci amanarsa. In yana kwance a wani rami da karyayyar ƙafa na yi shiru, ni ce. Ina jin tsoro, ga shi na rubuta, ba kuma wanda zai ji shi a bakina.

Amma ni na san laifin wa ne. Baƙar wayar nan kurma ce. Tun a gada na gane ta.

Jumma'a, 14 ga Nuwamba, da yamma

Na sa Cosimo ya kai ni kanti a mayar da lambata cikin toka. Mimma ta yi fushi, ta ce na zaɓi ɗan gaban goshi kamar kullum. Na ce sanda ɗaya a gada na zaɓa. Yarinyar kantin ta yi ta danne-danne, ta ce fitar da layi daga wadda ba ta da sim sai an kashe na cikin an buga sabo, kuma zai ɗauki sa'o'i kafin ya tashi. Na ce kafin fitowar rana fa? Ta ce tana fata. Na ce ba fata na zo saya ba.

Ya tashi kafin mu ci abinci. Sim na gaske, ɗan ƙarami, na riƙe shi a hannuna kafin a sa. Cosimo sai washe baki yake yi, yana nuna mini yadda za ta yi kira ta waifai ɗin otal ko da sabis ya ɗauke, da yadda take tsalle daga kamfani zuwa kamfani ba tare da an taɓa ta ba. Ya ce ita ma tana tace 'yan damfara, har ta fi ta Mimma iyawa. Na ce madalla, a sa ƙararta a ƙarshe. Ya sa, har mutanen ɗakin kusa suka buga bango.

Gobe za a ji.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da safe

Na ce ya kira.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da rana

Filomena ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Na san abin da ke tafe.

"Santi, gadona yana manne da naki. Kunnena bai mutu ba."

"To Allah ya ƙara masa lafiya."

"Wayar nan ko tari ba ta yi da safe. Tun ranar da muka zo."

"Kina barci kamar buhun dankali, me za ki ji?"

"Na binne miji, na san yadda mace take kwana in tana jira. Ki faɗa wa yaron nan gaskiya."

"In na faɗa su ɗaure shi kamar ɓarawo, ke za ki zauna da shi bayan nan? Ke za ki dubi idonsa?"

"Gara ki dubi idonsa yana fushi."

Na ce ta fita. Ta ce ɗakinta ne ita ma. Sai muka zauna kowa a gadonta, baya da baya, kamar yaran makaranta. Can ta miƙo mini rabin lemo ta bayanta, na karɓa. Ta ce ba za ta faɗa ba, ba maganarta ba ce. Da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da safe

Na ce ya kira. Sajan ya rubuta bai ɗago ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Mimma ta koma, asibitinsu ba su ƙara mata hutu ba. Ta bar mini baƙar, ta ce in riƙe ko don tauraron. A tasha ta rungume ni ta ce, "Ki gaishe da Baba in ya kira gobe." Yarinyar nan ta yarda da ni. Duk sun yarda da ni, shi ya sa suke iya cin abinci.

Toka ta cika sanda har bakin. Waifai cike, 5G cike, kamfani biyu cike. Cosimo ya kira ni daga ƙasa don gwaji, ta yi ƙara har na kusa faɗuwa. Likita ya kira, ta yi ƙara. Kowa a duniya yana iya samuna.

Wataƙila fushi yake yi. Ya iya fushi, ya taɓa yin wata guda bai ci taliyata ba a kan maganar katanga. Amma ko a watan nan bai fasa filashin ba ko sau ɗaya. Tsanin garken yana da mataki ɗaya da ya ruɓe, na yi ta faɗa masa tun bazara.

Ba zan yi tunanin tsani ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na faɗa. Muryata ta fita daidai.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da sassafe

Dole in rubuta wannan.

Na tashi da niyya. Na ce yau ba zan jira Sajan ya zo ba, ni zan kira shi, ya ɗauko igiyarsa, Saverio ya tsane ni har kabari in ya ga dama. Na ciro toka daga aljihu, karo na farko da na riƙe ta a hannu da fitowar rana. Ina neman sunan Sajan, sai fuskar wayar ta yi ja. Ba ƙara, ba motsi. Lamba ta fito, lambar da ke kaina. A ƙasanta an rubuta da manyan baƙaƙe: ANA ZARGIN ƊAN DAMFARA NE. Kafin in ja numfashi ta ɓace.

Na yi ihu har Filomena ta faɗo daga gado. Na danna lambar da hannuna, ni da ban taɓa farawa ba, yatsuna suna ta kuskure a kan gilashin banzan nan, na goge na sake. Kafin in gama ya kashe.

Yana raye. Da ƙafarsa ya hau Dutsen Gicciye.

Da Sajan ya zo na ce ya kira, har na kama hannunsa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Alhamis ɗin dai, da hantsi

Cosimo ya zo da wandon barci. Ya duba ya duba, sai ya dafe kai. Wai 'yan damfara haka suke yi, su yi ƙara ɗaya su katse don ka kira su su kwashe maka kuɗi. Saboda haka duk lambar da ba a ajiye ba, in ta yi ƙara ɗaya ta katse, wayar sai ta haɗiye ta ba tare da ta dame ka ba. Ya ɗauko baƙar, ya ce ita ma haka ta yi ta yi tun farko, ita ko jan ma ba ta nunawa, sai ta tura can wani lungu.

"To kun yi kunnen doki," na ce. "Kira 'yar'uwarka ka faɗa mata."

"Mama, me ya sa ba ki ajiye lambarsa ba?"

"Kai ka ajiye sunanka a takarda don kada ka manta?"

Filomena tana share ido tana dariya. "Ɗan damfara! Wallahi wayar nan ta san shi. Ai da damfara ya aure ki, ya ce gonar zaitun ɗin nan tasa ce."

Na yi dariya har ƙirjina ya yi zafi. Sai kuma dariyar ta tsaya, don na tuna ɗaya gefen. Kullum tsoho yana hawa dutse a cikin ruwa, ya yi ƙara ɗaya, ya tsaya da waya a hannu yana jira a mayar masa. Ba a mayar ba. Ya sauka, gobe ya sake hawa. Ni ina nan ina ganin ƙarya nake yi wa Sajan, ashe gaskiya nake faɗa masa kullum.

Cosimo ya cire matatar, ya ajiye lambar. Ya ce zai nuna mini duk kiran da aka haɗiye, na ce ba na son gani. Gobe ƙara ɗaya kawai nake so, in mayar.

Jumma'a, 21 ga Nuwamba, da safe

Na zauna a bakin taga da ita a hannu tun gari bai waye ba. Rana ta fito. Ta hau. Fuskar wayar ba ta yi ja ba, ba ta yi komai ba. Cosimo ya rantse babu sauran abin da zai tare kira.

Na kira shi. A kashe.

Da Sajan ya zo ban bari ya tambaya ba. Na ce, "Bai kira ba." Ya ce tun yaushe? Na ce yau kaɗai, kuma wannan karon na tabbata. Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce ƙasa ta jiƙe da yawa yau, gobe da safe za su tsallaka. Na ce su tafi masa da tabaransa, na ba shi.

Ko ya gaji da ni ne, ko tsanin ne. Ban san wanne nake roƙo ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da rana

Da fitowar rana wayar ta yi ƙara. Na ɗaga yatsa ina jira ta katse in mayar. Ba ta katse ba. Ƙara ta biyu. Ta uku. Tunda muke da mutumin nan ban taɓa jin ƙararsa ta biyu ba. Na ɗauka.

"Santina?"

"Wane irin rashin tarbiyya ne wannan, ka bar waya tana ta kuka?"

Ina jin numfashinsa, ina jin ƙararrawar awaki a bayansa.

"Ashe kina nan," ya ce.

"Ina zan je? Kai kana ina?"

"A gada. Wani yaro mai hula ya hana ni wucewa da dabbobi."

Ban san yadda na isa ba, Cosimo ya ce da silifas na shiga mota. Sajan da yaransa suna can da igiyoyinsu a kafaɗa, sun yi cirko-cirko a tsakiyar awaki. Ta tsohuwar hanyar alfadarai ya zagayo, ta bayan dutse, tun Alhamis bayan ya kashe waya, hanyar da rabon a bi ta tun ina budurwa. A cikin kwazazzabai babu sabis, shi ya sa jiya shiru. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, takalminsa ɗaya ɗaure da wayar ƙarfe. Ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya taɓa shi. Garin da ya rantse ba zai bari ba ya bar shi babu kowa. Abin da dutse da hukuma da 'ya'yansa suka kasa, shiruna ya yi, kuma ban ji daɗin wannan nasarar ba ko kaɗan.

Bai rungume ni ba, ba ma yin haka a gaban mutane. Ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa. A hammatarsa akwai ƙunshi a cikin leda, ya naɗe shi da kyau, shi kaɗai ne abin da bai jiƙe ba a jikinsa.

"Mene ne wannan?" na ce.

Ya so ya ɓoye a bayansa, na fizge. Rigata ce, shuɗiya mai duhu, wadda na ɗinka na ajiye a ƙasan akwati don ranar da za a sa ni a ƙasa.

"Ko da kina fushi kina mayarwa," ya ce. "Da na ga shiru ya yi yawa, na ce zuciyar ce. Na ce kada yaran nan su sa miki wata da ba ki zaɓa ba."

Sajan ya juya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Cosimo ya shige mota.

Asabar, da yamma

An kai awakin filin ƙwallon makaranta. Ya yi wanka, ya ci taliya faranti biyu, ya ce ba gishiri. Cosimo ya kawo masa wayoyin biyu ya zaɓa, ya juya su ya ce wacce ce ta kira shi ɗan damfara? Aka ce duka. Ya mayar da mai robarsa aljihu.

Yau Serrastorta duka za ta ci abinci a babban ɗaki, kowa yana son ya gan shi. Filomena ta ce in ɓoye rigar kada mutane su gani, ba kyau. Mutum ya ɗauko ta a hammata ta cikin kwazazzabai, sannan in tura ta ƙarƙashin gado? Na goge ta, na sa, na ɗaura sarƙata a kai. Yana jirana a bakin matakala. Ta ɗan matse ni a ƙugu, amma zan ci abinci a haka.